Ruwan Kududdufi a Rufin Ɗakin Inna

Zuwa ga ƙanena Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da Bahijja da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Shekara huɗu ke nan rabona da Soron Ɗinki, ina nan Fatakwal ina juya siminti, ƙirjina ya fara gajiya.

Ba daga bakinka na ji ba, Bahijja ce ta faɗa mini a waya cewa za ku zuba rufin kankare a ɗakin Inna, kuma Malam Mamman magini ya ce a ɗebo ruwan kududdufi, wai siminti ba ya tambayar inda ruwa ya fito. Ni dai ba a nemana sai an tashi sayen rodi, na saba. Ban ce Mamman macuci ne ba, shi ya gina zauren Baba yana nan tsaye, kuma na san 'yan garuwa sun tsawwala kuɗin jarka. Amma kududdufin nan yanzu kwatar unguwa ce ke zuba a ciki, da ruwan wanki da gansakuka.

A nan ma muna kwaɓa kankare da ruwan da ba a sha, amma sai an gwada. A zuba 'yan dunƙulen kankare kashi biyu, ɗaya da ruwa mai tsabta, ɗaya da wancan. Bayan kwana bakwai a matse su a inji har su fashe. In na ƙazamin ruwan bai kai kashi tara cikin goma na ƙarfin ɗan'uwansa ba, an haƙura da shi. Bara na ga rufin da aka ƙi yi wa wannan gwajin. Sumul yake kamar faranti. Da ya rufto, da hannuna na taya ɗaga shi daga kan mutum.

Na san ba za ku gwada ba, za ka ce Gwadabe ya cika tsirfa. To, ku bar kududdufin kawai. Inna ce za ta kwana a ƙasan rufin nan.

Ka gaishe da Inna, da Yaya Husaina, da Mamman ɗin ma. Abin da na iya tarawa bana naira dubu casa'in ne, na ware shi don zuwa gida da Sallah. Na turo maka. Ku sayi ruwan tanka, ka ce wa Inna sai baɗi.

Yayanka,
Gwadabe