Shatin Ƙaho a Ƙeyar Inna

Laraba da dare, Yelwa

Na gaji tiɓis. Wuni na yi a tsibiran Ngaski ina tambayar mata abin da ke hana su zuwa asibiti, saboda bincikena na jami'a. Da na dawo gida sai na tarar da Inna da sabon shatin ƙaho a ƙeya, wai wanzami ya zuƙe mata hawan jini. Maganin asibitin kuwa ko buɗe shi ba ta yi ba. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan a ajin nazarin zamantakewa, ga shi a ɗakin uwata.

Na yi ta faɗa, ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wanzami dai ya zauna ya tambaye ni inda ke mani ciwo. Ke sai kin ƙetare ruwa kike tambaya."