Tabon Walda

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ni lafiyar jiki ƙalau. Lauya ne ya ba ni takarda da biro, shi zai kawo miki wannan.

Kin ji an ce 'yan sanda sun ɗauke ni a shago. Ga yadda abin yake. Get ɗin nan mai taya da na yi wa mai shagon magani, shi ya zame daga layinsa ya faɗo wa maigadinsu, dattijon nan mai kawo min ruwa sa'ad da nake aikin. Allah Ya yi masa rasuwa. Mai gidan ya ce laifina ne, wai ban sa masa birki ba, wato guntun ƙarfen da muke walda a ƙarshen layi don ya tare get.

Da muka iso ofishinsu suka karɓe agogona da bel da hula, suka ɗau hotona gaba da gefe. Wajen dangwala yatsu aka sha dariya. Wuta ta cinye zanen yatsuna tun tuni, sai baƙi kawai ke fita. Sajan ya ce ko dai tsohon ɓarawo ne ni da ya goge shaida. Na ce masa da yatsun nan na gina shago da gida, ba wanda ya ɗora ni. Ya ce to, mai gini, wuce bayan kanta.

Ki ce wa Inna na yi tafiyar aiki. Abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai ke: na rasa tuna ko na sa birkin nan. Ni, da nake tuna kowace ƙofa da ta fita hannuna.

Mijinki,
Mai Walda


Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ƙaramarmu ya yi sauƙi. Abincin ya iso, na raba da mutanen ɗaki. Akwai wani direba a cikinmu, ya laƙaba min Injiniya, kullum yana roƙona in duba masa inda ƙofar nan take da rauni.

Sun ɗau bayanina. Mai binciken ya maimaita tambayar birki har na gaji. Na ce ban taɓa sakin get ba birki ba. Ya ce ba tarihina ya tambaya ba, wannan ɗin fa?

Ƙofar ɗakin da muke ita ma turawa ake, tana gurzar ƙasa. Duk sanda aka buɗe ta sai in ji ƙarar tayar get ɗin can, tana tafiya, tana tafiya, ina jira in ji ta daki birki, ba ta dukansa. Sai in ga dattijon da kofinsa na roba, yana ce min in huta haka, ɗana, ƙarfe ba ya guduwa. Ko da rana tsaka ina ganinsa.

Lauya ya ce gobe kotu. Za a karanta min tuhuma, in ce ban aikata ba, shi kuma ya nemi beli. Wai amsa ce kawai, kowa haka yake faɗa. Na ce masa ni ba kowa ba ne. Yaya zan tsaya gaban iyalin mutumin nan in faɗi abin da ban sani ba?

Sun kwaso get ɗin da layinsa, suna jingine a tsakar ofis. Ina hangowa ta taga, amma ƙarshen layin yana bayan wata mota. Walda ba ta ɓuya, ko an yanke ta sai ta bar tabo. In taɓa shi kawai nake so.

Ki aiko min da farar rigata. Kada ki zo kotun.

Naki,
Mai Walda


Zuwa ga matata,

Gaisuwa mai yawa. Na gan ki a bencin baya duk da na hana. Na gode da ba ki ji maganata ba.

Da safe da suka fito da mu da ankwa za a sa mu mota, ta gefen ƙarfen aka bi da mu. Na durƙusa kamar takalmina ya cire, na kai babban yatsa ƙarshen layin. Sajan ya daka min tsawa, amma na riga na ji. Tabon yana nan, zagaye, walda cikakkiya irin tawa, sama da ita kuma santsin injin yanka. Na sa birkin. Wani ne ya yanke shi daga baya, ina jin don get ya ƙara buɗewa babbar mota ta shiga. Na gaya wa lauya, ya ce zai nemi a adana ƙarfen.

Shi ya sa kika ji muryata ta fita da magatakarda ya gama karanta tuhumar sakaci. Kin kuma ji alƙali ya ɗage maganar beli, ya ce a ajiye ni gidan yari kafin nan. Kada wannan ya dame ki, zan iya.

Na ɗauka daga yau zan samu sauƙi. Amma kin ga tsohuwar da ke zaune gabanki, matar marigayin, mai riƙe da hular mijinta? Da na ce ban aikata ba, ba ta ko harare ni ba. Juyawa ta yi tana duba ɗakin, kamar mai neman wanda za ta tambaya. Da aka turo ƙofar ɗakinmu a nan gidan yari, na sake jin tayar, kuma ba ta tsaya ba.

Abu biyu nake so. Ki je ki yi mata gaisuwa, kada ki ambaci tabo, ba shi ta rasa ba. Sannan ki ce wa ƙanena ya rufe shago, ya ɗora injin walda a mota, ya bi duk gidan da na taɓa sa wa get mai taya. Ya taɓa birkin da hannunsa, ya ƙara na biyu ta ciki, inda injin yanka ba ya kaiwa. In masu gida sun tambaya, ya ce ni na aiko shi.

Ki faɗa wa Inna gaskiya yanzu.

Mijinki,
Mai Walda