Yatsan ƙanena aka saka a aikina

Anti, don Allah ki taimake ni, abin da ke cina ko mijina na kasa gaya wa.

Injiniya ce ni a wani ƙaramin kamfani. Muna tsara cip, ɗan mitsitsin abin nan da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura. Bara aka sace mana wani tsari, muka ga jabunsa a kasuwa, kuma muka kasa tabbatar wa kotu namu ne. Shi ya sa shugabanmu ya kawo sabuwar dabara: a ɗauki zanen yatsan mutum ɗaya, a mai da shi lambar sirri, a binne cikin tsarin. Ko an sace, wannan yatsan zai nuna mai shi.

Sabon tsarin nawa ne, Anti. Da cikin ɗiyata na fara shi, yanzu tana gudu. Ranar ɗaukar yatsa na ɗora nawa a gaban kowa, na'urar ta ƙi. Na goge, na sake, ta ƙi. Ƙunar dalmar da muke liƙa wayoyi da ita da bushewar fata sun shafe min layukan yatsa. Sai shugaba ya waiga ya kira ƙanena, autanmu, wanda ni na kawo shi kamfanin, ni na koya masa aikin. Ɗorawa ɗaya ta karɓa. Har da tafi.

Yanzu a ofis Mai Yatsa ake kiransa. In baƙi sun zo shi ake nunawa. A gida Mama tana gaya wa maƙwabta wai hannun Auta yana cikin inji, har ta hana shi yanka albasa. Ni kuwa ta tambaye ni ko ina taya shi. Shi bai yi min komai ba, kullum Yaya kaza, Yaya kaza, amma in na ji dariyarsa sai haushi ya kama ni. Na daina rage masa hanya.

Ga kuma wani daga kamfanin da muke gasa da su yana ta kirana, wai su sun san wadda ta yi aikin, in zo mu zauna. Ban amsa ba, amma ban goge lambarsa ba. Ni muguwa ce?

Yayar Auta

Ƙanwata,

Ba muguwa ba ce ke, kishi ne, kuma yana da dalili. An yi wa wani tafi a kan guminki, mahaifiyarki ma ba ta sani ba. Dole ya yi ciwo.

Amma ki duba da kyau. Shugabanku makulli yake nema, ya ɗauki wanda ya yi aiki a ranar. Kuskurensa shi ne barin mutane su ɗauka mai makulli shi ya gina ɗakin. Ƙanenki kuma an kira shi ne ya miƙa hannu. Da ya ƙi, da kin ji kunya.

Lambar nan ki goge ta yau. Mai kiranki ba ke yake so ba, abin da ke kanki yake so. In tsarin ya fita ta hannunki, shaidar da aka binne za ta kama su, su kuma su nuna ki, a fara tuhumar Auta kafin a iso gare ki.

Ki sami shugaba ke kaɗai. Ki nemi sunanki a takardar mallakar tsarin, a rubuce. Ki nuna masa hatsarin rataya dukiyar kamfani a yatsan mutum ɗaya, ki tambaya ko za a iya haɗawa da fuskarki ko ƙwayar idonki. Ke kika fi ni sanin yadda za a yi.

Sannan ki gaya wa ƙanenki gaskiya. Ina kyautata zaton sunan nan ya yi masa nauyi, kuma ya lura kin canja. Ki bar shi ya yi wa Mama bayani da bakinsa, daga wurinsa za ta fi ji.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare.