Kada a Goge Sunan Romon Asibiti

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hankalina cikakke, jiki ne kawai ya yi rauni. 'Ya'yana ku uku, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. A raba gado yadda Allah ya hukunta. Roƙona dai, kada ku sayar da shagon abincinmu. Kai Babba ka tsaya gaba wajen baƙi, ke Yaya murhu naki ne, Auta ta riƙe cefane.

Na biyu. Dankalin Litinin ba shi da wani sirri. Mahaucinmu ne ba ya fitowa ran Litinin, sai in soya dankali da ƙwai. Wannan suna ku canza shi in kuna so.

Na uku. Babba, na san kana son goge Romon Asibiti daga allon ƙofa, wai sunan yana korar masu ci, har ƙannenka sun daina gaishe ka a kan haka. Dukanku ba ku san asalinsa ba.

Kuna ƙanana babanku ya kwanta a asibiti, aka hana shi gishiri da mai, ya daina cin komai. A gadon da ke kusa akwai wata mata mai jinyar mijinta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta tarar da ni ina kuka a wurin girkin masu jinya, ta karɓi tukunyata, ta gasa albasa kan wuta har ta yi baƙi, ta daka da citta, ta zuba a ruwan kaza, ta matsa lemun tsami. Babanku ya shanye kwano. Mu aka sallame mu. Nata mijin bai tashi ba, na dawo nemanta washegari da safe na ga gadon an ɗauke shimfiɗa. Ko sunanta ban tambaya ba. Da wannan romo na buɗe shago, da shi kuka yi karatu.

Na huɗu. Masu cewa likita ne ya tsara shi, ku gyara musu. Kada a ci riba da ƙarya.

Sunan nan na Romon Asibiti shi kaɗai ne adireshinmu a wurin matar nan. In ita ko wani nata ya ɗanɗana ya gane, ku zaunar da shi, abincinsa kyauta ne muddin shagon yana buɗe.

Yaya, Auta, ku gaishe da yayanku yau. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Babba, fentin allon ya koɗe. Ka sabunta shi da hannunka.