Fankar da Ba Ta Shiga Mota Ba

Baffa mai shawara, salamu alaikum. Ka taimake ni don girman Allah, kuma ka ɓoye sunana.

Bari in fara da yabon motata, don ta cancanta. Ja ce wur, ƙirar Italiya, ƙofa biyu, ta girmi aurena da shekara goma. Na saye ta a hannun wani Bature da ya tattara ya tafi bayan boren sojoji na watan Mayu. In na tada ta a bakin shagona na atamfa, har masu sayar da rogo sukan juyo. Gudu kuwa sai ka ce aljani ya hau ta. Aibinta ɗaya ne ƙarami: ba ta san tafiya a hankali ba. Mu kuma yanzu a Bangui daga shinge sai shinge, wannan na masu bore, wancan na masu biyayya. Da na tsaya a layi sai allurar zafi ta kama hawa kamar farashin sukari.

Ranar da na ga wani abokina yana leƙen allurar yana murmushi, na samo ƴar takarda mai rubutun Masha Allah na manna a kanta. Na ce abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta damu da shi ba.

Bakanikena Abdulganiyu, na unguwar Kokoro, bai yi dariya ba da ya gani. Ya ce fankar motar da fambel take juyawa, in inji ya yi sanyin gudu ita ma sai ta yi, don an ƙera ta ne saboda titin da iska ke busowa, ba layin sojoji ba. Ya yi kwana huɗu yana yawon gareji-gareji har ya samo mini babbar fanka mai aiki da batir. Ya ce in kawo motar ran Asabar ya ɗaura. Na ce ya ba ni in ajiye, kada ta ɓata a garejinsa.

Baffa, a cikin makon ne aka ɗauke wuta. Shagona rufin kwano ne, da azahar ko ƙadangare ba ya shiga. Na dubi fanka, na dubi tsohon batir a ƙarƙashin kanta. Na ce kwana ɗaya dai. Iskar da ta bayar, wallahi ko ofishin minista albarka. Mata suka riƙa daɗewa suna zaɓen zane, ciniki ya buɗe. Asabar ta wuce, wata ta wuce. A majalisa kuma, da aka tsokane ni cewa motata tukunyar shayi ce, na bugi ƙirji na ce Abdulganiyu ya riga ya sa mata sabuwar fanka.

Sai ga safiyar da harbi ya tashi ta wajen unguwar Miskine. Surukina Alhaji Badaru yana can, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Matata Rabi'atu tana kuka, na ce ta kwantar da hankali, minti goma. Na ɗauko shi lafiya. A dawowa muka tarar da layi a shinge, muna ja kamar kunkuru. Na ji ƙauri, amma takardata tana cewa Masha Allah. Muna gab da sojojin sai tururi ya turnuƙe, inji ya mutu. Ana jin ƙarar bindiga a bayanmu. Wani mai pus-pus, amalanken da ake dakon itace, shi ya sauke kayansa ya ɗora Alhaji, babbar riga da rawani, ya turo shi har gida. Ni ina biye da takalmansa a hannu.

Da aka tambaye ni, bakina ya riga zuciyata. Na ce fankar Abdulganiyu ce ta banza. Alhaji ya janye manyan motocinsa uku daga garejin, ƴan kasuwa suka bi sahu. Mutum mai iyali bakwai, yanzu zaune yake yana kallon titi.

Shekaranjiya Abdulganiyu ya shigo shagona sayen zanen matarsa. Ya zauna daidai gaban fankar, iska tana kaɗa masa riga. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce shagon nan akwai ni'ima. Ya biya, ya ce singila, wato na gode da yaren Sango, ya fita. Da ya zage ni da na samu sauƙi. In na faɗi gaskiya, Alhaji zai san na jawo masa hawa amalanke ne saboda in sha iska. In na yi shiru, na cinye abincin bawan Allah. Yaya zan yi?

Naka cikin kunya,
Mai Jar Mota, unguwar Kilomita Biyar.

Amsar Baffa

Wa alaikumus salam, ɗana. Kunyar da ta hana ka sukuni ita ce abu mafi lafiya a cikin motarka, kada ka manna mata takarda.

Zan ba ka naka haƙƙin. Zafin rufin kwano ba wasa ba ne, kuma ranar da kowa ya rufe ƙofa kai ka fita ɗauko tsoho. Shi ma Abdulganiyu ya yi sakaci da bai biyo sawun aikinsa ba. Amma iyakar laifinsa ke nan. Sauran duk naka ne, kuma mafi muninsa ba tafasar inji ba ce, maganar da ka faɗa bayanta ce.

Ka fara da Rabi'atu, kada ta ji a bakin maƙwabta. Sannan ka kwance fankar, ka ɗauke ta a hannu da rana tsaka zuwa gidan Alhaji Badaru, ka faɗa masa yadda aka yi, ka roƙe shi ya mayar da motocinsa. Zai yi faɗa, kuma yana da dalili. Daga nan majalisa, domin inda aka ɓata suna nan ake wanke shi. Garejin Kokoro ne ƙarshe, ka je da abin da ka riga ka gyara, ba da haƙuri na fatar baki ba.

Motar kuma, ka ɓare takardar nan, ambaton Allah ba murfin aibi ba ne. Allura gidanta tsakiya, wajen tamanin da biyar zuwa casa'in. In ta doshi ja, ka tsaya ka kashe, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. A duba gaskit ɗin kan inji, don injin da ya tafasa har ya mutu da wuya bai ƙone shi ba. A wanke lagireto, domin fanka ba ta maganin toshewa. A tabbata sabuwar tana kai iska wajen inji, tana kuma tashi da kanta in zafi ya hau. Wa zai yi maka wannan aikin tsakani da Allah, kai ma ka san shi.

Allah Ya sanyaya zukata, Ya kwantar mana da ƙasa, Ya ba Alhaji lafiya. Ka hanzarta, kada jaridar nan ta riga ka isa. Na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa, amma jar mota mai ƙofa biyu guda nawa ce a Kilomita Biyar?