Takabar da Ta Wuce Ni

Hayin Banki, Kaduna
Watan Yuni

Baban Aziza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aiki, yaya damina a can kan iyaka? Tunda waya ba ta shiga dajin, Ila, direban da ke kai muku abinci, zai kawo maka wannan.

Na ji an ɗora ka a kan sojojin da ke sintiri bisa dawaki, saboda laka ta hana motoci shiga. To Kyaftin, kaya ya tsinke a gindin kaba. Yaron da ya taso a Unguwar Shanu yana yanko wa dokin maƙwabta ciyawa kyauta don a bar shi ya hau, yau gwamnati ce ke biyan sa ya hau. A wasiƙarka ka cika shafi guda da labarin dokinka akawal, baƙinsa da saurinsa, ni da 'yarka layi biyu muka samu. Ban yi fushi ba, amma na lura.

Aziza ta fara tafiya. Ni kuwa ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ka dawo mana.

Taka,
Harira


Watan Agusta

Baban Aziza,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka duk inda kake, ko da yake ban san wanda zai miƙa maka wannan ba.

Hafsoshi biyu sun zo gida. Sun ce an yi muku kwanton ɓauna a farkon Yuli, ka tsaya a baya har mutanenka suka haye rafi, washegari akawal ya koma sansani da sirdi babu kowa a kai. Ba su ce ka rasu ba. Ɓacewa suka ce.

Hajiya mahaifiyarka ta ce in ajiye kwalliya in shiga takaba. Na ƙi. Na ce mata takaba ta matar mamaci ce, ni mijina bai dawo ba ne kawai. Tun ranar da ƙyar take amsa gaisuwata. Amma in doki ya gane hanya, ina ga wanda ya koya masa? Duk Juma'a sai na yi ƙunshi, na turara ɗaki, na ɗaura shuɗiyar atamfar da ka sayo mini a kasuwar Kawo, don kada ka shigo ka tarar da ni kamar mai jiran gawa. Har bikin 'yar maƙwabta na je, na yi dariya da gangan don a gani.

Mai jiran ka,
Harira


Watan Disamba

Baban Aziza,

Aminci ya tabbata a gare ka. Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda ke inda kake ba, sai dai in ce Allah ya sa kana cikin rahama.

Saje Isiyaku, wanda ya tsaya tare da kai a bakin rafin, ya kuɓuto daga hannun waɗanda suka kama shi. Ya zo har gida, duk ya rame. Ya ce a ranar kwanton ɓaunar ka cika, a hannunsa, bayan ka kori dokin don kada su same shi. Ya samu ya rufe ka a gindin wata tsamiya kafin su cim masa. Yanzu ba zai iya gane wurin ba.

Na cire 'yan kunne, na wanke kwalli, na shimfiɗa tabarma zan fara takaba. Sai aka tambayi liman. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun watan jiya, babu komai a kaina. Mata suna ta cewa Allah ya kawo mini sauƙi.

Wane sauƙi? Abu ɗaya ya rage da zan yi maka a duniya, shi ma na cinye shi da turare da zuwa biki. Hajiya ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni, da ya fi mini.

Ila ya ce tun ranar da akawal ya koma, ya ƙi yarda kowa ya hau shi, dawa ma sai an matsa masa yake ci. Ashe doki ya san abin da matarka ba ta sani ba, ya kuma yi maka abin da ta ƙi yi.

Lallen Juma'ar da ta wuce yana nan a hannuna. Na dirje shi da dutse, ya ƙi fita.

Ka yafe mini,
Harira