Dutse Daga Gonar Baba

Bakin Kogin Rappahannock, Virginia
Bazarar 1668

Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama da Yaya Jotham. Ya mutanen Ipswich, ya kuma gwiwar nan taka?

Baba, ɗana Obed ya rasu. Masassarar fadama ce ta ɗauke shi, ko haƙora bai gama fitarwa ba. Da a gida ne, da an kaɗa ƙararrawa gari ya taru. A nan kuwa maƙwabcinmu na kusa sai an shiga kwale-kwale. Ni da maigidana Silas muka binne shi a gefen gonar taba, muka kafa katako a kan kabarin.

Ina da roƙo, kada ka ce na zautu. Ka aiko mini da dutse. Ƙasar nan laka ce da yashi, ko na jifan kaza babu. Ina tuna yadda garmarka ke cin karo da su, kana ɗaga kai sama kana cewa, "Ya Ubangiji, masara na shuka ko duwatsu?" Ka zaɓi ɗaya cikin waɗanda ka fi zagi, Yaya Jotham ya sassaƙa sunan yaron, a bai wa jirgin da ke kawo mana busasshen kifi.

'Yarka,
Keziah

Kakar 1668

Babana,

Ina gaishe ku da fatan amfanin gona ya yi kyau. Ina Mama da tarinta?

Za mu tashi. Silas ya ce taba ta shanye ƙasar. Ya shigo da ganye ya shimfiɗa mini a tafin hannu, ya ce, "Duba, Keziah, kamar kunnen ɓera. Wannan zan kai wa jirgin Landan?" Haka ake yi a nan: gona ta gaji, a bar ta, a hau sama da kogi a sare sabon daji. Shi ya sa ba mai gina katanga, ba mai dasa bishiyar inuwa.

Na ce masa, "To yaron fa?" Ya ce, "Ƙasa ba ta gudu, za mu dawo." Na roƙe shi mu jira dutsen. Ya ce daji ba zai sare kansa ba, kuma gaskiya ya faɗa, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Na daina yi masa magana, sai da na same shi a bayan rumfar shanya taba yana kuka, riƙe da hular yaron.

Na ƙara danna katakon, na auna wurin da ido daga ƙofar ɗakinmu. Don Allah ka hanzarta.

Taku,
Keziah

Kakar 1669

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Dutsen ya iso. Allah ya saka wa Yaya Jotham, rubutunsa ya fito sarai. Na san jinkirin ba laifinku ba ne, ƙanƙara ce ta rufe tasharku jirgi ya kasa fita.

Da na ga dutsen na gane shi. Na kusa da rijiya ne, wanda ya karya maka garma. Na rungume shi a gaban ma'aikatan jirgi, ban ji kunya ba.

Mun koma tsohuwar gonar. Baba, babu ɗakin. An kwashe katakansa, ciyawa ta fi ni tsawo, aladun da aka saki sun tone ko'ina. Katakon da muka kafa ya ruɓe ko sun ture shi, Allah ne masani. Ƙofar da na auna da ita ma ban san inda take ba. Silas ya ce nan ne, na ce a'a, can ne. Yini guda yana yawo da dutsen a bayansa har kafaɗarsa ta saɓule. Da yamma ya durƙusa ya ce, "Ki nuna ko'ina ne, in ajiye." Na kasa. Ina tsoron in kafa sunan ɗana a kan ƙasar da ba ya ciki, shi kuma yana gefe ba kowa.

Mun dawo da dutsen gida. Yana nan a bakin ƙofa. Kullum da safe in na fita ɗiban ruwa sai na yi tuntuɓe da shi, kamar yadda kake yi a gonarka. Ni dai ban taɓa zaginsa ba.

Ka gaida Mama. Kada ka karanta mata wannan.

'Yarka mai kewarku,
Keziah